Wasan da Ubbo Ya Bari

Talea ta gama haɗa jakarta tun ranar Juma'a, ta tura ta ƙarƙashin gado. Ba wanda ya sani sai mahaifiyarta Hilka, ita ma ba gaya mata aka yi ba, shara ce ta kai ta.

Magana ɗaya ce ta hana gidan Poppinga zaman lafiya. Talea tana son Renke, mai jirgin kamun jatan lande. Mahaifinta Weert, mai kiwon tumaki a kan jingar teku, ya rantse in dai yana numfashi Renke ba zai zama surukinsa ba.

Kuma yana da dalilinsa. Shekara biyu da suka wuce, ɗansa Ubbo, yayan Talea, ya fita teku a jirgin Renke. Guguwa ta same su, igiyar ruwa ta share Ubbo daga kan jirgi. Renke ya yi ta zagaye yana nema, da ruwa ya fara cika jirgin sai ya juyo gida da sauran mutum biyu. Ko hular Ubbo ba a gani ba.

"Doka ta ba ki dama, ki auri wanda kika ga dama," in ji Weert da safiyar Asabar, yana shafa bota a burodi kamar zai yaga shi. "Amma ƙafata ba za ta taka coci ba. Ranar da kika bi shi, ki ajiye mini makullin gidana a kan tebur."

"Baba, don Allah," ta ce, hawaye na ɗiga cikin kofinta. "Aminin Ubbo ne fa. Shi ma har yau ba ya iya barci."

"Ya yi barci mana? Ya bar mini yaro cikin ruwa ya juyo. Da ni ne a kan sitiyarin nan, ba zan juyo ba. Ba zan juyo ba! Ga Eilert nan, gonarsa manne da tamu, mutum mai hankali, ƙafarsa a kan ƙasa. Me ya rasa?"

"Ba na son sa."

"So! So ne zai dawo mini da ɗana?"

Bai rufe baki ba aka buga ƙofa. Mai kawo saƙo ne, da wani ƙaton akwati da sai da ya tallabe shi da ciki. Hilka ta sa hannu ta karɓa. Da ta duba sunan da ke jiki sai ta zauna a kan matakala.

Ubbo Poppinga.

* * *

Wasa ne na allo. Irin waɗanda ake biya tun suna zane a kan takarda, masu ƙerawa su yi ta jan ƙafa shekara da shekaru kafin su aiko. Ubbo mayen irin wasannin nan ne. Kowace Lahadi bayan shayi sai ya tara Talea da Renke da Eilert a falo, ya hana kowa sakat. Wannan ya saya, ya mutu, su kuwa masu ƙerawa ba wanda ya gaya musu.

Hilka ta share fuska da gefen rigarta, ta ce, "Gobe bayan shayi za a buga shi. Da mutanen da ya saya dominsu. Har Renke."

"Ba a gidana ba," in ji Weert.

"Teburin falon nan na uwata ne, da shi na zo gidan nan. In ka ƙi, sai in ja shi tsakar gida mu buga cikin ruwan sama, maƙwabta su sha kallo. Kuma kai ma za ka zauna. Mutum biyar aka rubuta a jiki."

Weert ya dube ta. Ya san wannan muryar, bai taɓa cin ta ba.

Ranar Lahadi Eilert ne ya fara isowa, da furanni da kek, gashi ya sha mai. Ya ce ya kwana yana nazarin dokokin wasan a wayarsa, kada kowa ya damu. Can sai ga Renke, ya cire takalmi tun daga waje, rigarsa wankakkiya amma ƙaurin man jirgi bai sake ta ba.

"Moin," ya gaishe su a hankali.

Weert ya juya yana kallon taga.

Dokar farko ta ce a ja labule a kunna kyandir guda. Eilert ya yi dariya ya ce wannan ai tsiyar 'yan kasuwa ce. Hilka ta ja labulen.

Da aka shimfiɗa allon, dariyar ta tsaya.

Ƙauye ne guda a bakin teku, zananne har kana ganin hayaƙi a kan rufi. Ga coci a kan tudu, ga maƙabarta, ga hasumiyar fitila can a ƙarshen wani tsirin ƙasa da ya shige cikin teku, ga ɗan jirgi na katako ɗaure a gaɓa. Cikin akwatin akwai tarin gilasai shuɗɗa masu faɗi. Talea ta ɗora ɗaya a kan wani gida don ta gani. Gidan bai ɓace ba. Yana nan a ƙasa, ƙofarsa a buɗe, hasken kyandir yana rawa a kansa kamar ka leƙa ruwa daga kan jirgi.

Tsigar jikinta ta tashi.

Sai kuma wata 'yar ƙararrawa ta tagulla, ba ta fi ƙwai ba. Hilka ta ɗan kaɗa ta. Ƙarar da ta fito ba ta ƙaramin abu ba ce, mai nauyi ce, ta daɗe tana yawo cikin ɗakin kafin ta kwanta.

"Ubbo," in ji Hilka, "kai dai ba ka iya sayen abin arziki ba."

Eilert ya gyara murya. "To ga yadda abin yake. Teku na cinye ƙauyen nan gida bayan gida. Matattun da ruwa ya ci a dā suna dawowa. Aikinmu mu kwaso mutane mu kai jirgi, mu tashi kafin ruwa ya rufe coci."

"To wa zan cinye?" in ji Weert.

"Babu, Baba Weert. Dukanmu gefe ɗaya muke. Ko mu tsira tare ko mu nutse tare."

"Wasan da ba a cin kowa? To me ake yi a cikinsa, addu'a?" Ya nuna Renke da baki. "Ni da wancan gefe ɗaya?"

"Ɗauki katinka ka yi mana shiru," in ji Hilka.

Aka raba. Hilka ta samu ungozoma. Talea malamar makaranta. Eilert ya samu fasto, Hilka ta ce ya dace, dama tun da ya shigo yake huɗuba. Weert ya juya nasa: matuƙin jirgi. Renke ya ajiye nasa a hankali, mai haƙa kabari.

"Ka huta," in ji Weert. "Kai da ba ka kawo gawar da za a binne."

Renke bai ɗago ba. Talea ta ga yadda jijiyar wuyansa ta miƙe, ta danne kukanta da ƙyar.

* * *

Da farko shirme suka yi ta yi. Hilka ta jefa dayis, irin na ludo, ya faɗa cikin kofin shayi. Weert ya tuƙa jirginsa ya hau maƙabarta, da aka ce ba a yi, ya ce a nuna masa inda aka rubuta. Eilert kuwa hannunsa na kan 'yar tsanar kowa.

"Talea, ke ki bi nan. A'a, ba nan ba, kawo in matsar miki."

"Ina da hannu, Eilert."

"Don kada ki yi kuskure ne, masoyiya."

"Wa ya ba ka wannan sunan?"

Kowane zagaye Talea ce ke jawo kati ta karanta, sannan a ɗora gilashi a inda katin ya ce. Sannu a hankali muryarta ta sauka, kowa ya matso.

"Matattu ba sa gudu," ta karanta. "Tsayawa suke yi a bakin ƙofa, ruwa na zuba daga tufafinsu, su kira ka da muryar wanda ka fi so. Duk wanda ya amsa, ya tafi."

Iska ta bugi taga. Hilka ta saki ƙara ta riƙo hannun mijinta, sannan ta dake ta ce kujera ce ta motsa.

Abin mamaki, Weert ne ya fara kamuwa. Ya janyo kujera, ya sa tabarau, ya ƙura wa allon ido. Shuɗin nan yana ta ci, unguwa guda ta koma ƙarƙashin ruwa, 'yan baƙaƙen gumakan matattu tsaye a cikinta. Da Eilert ya ce kowa ya bi babbar hanya, Weert ya daka masa tsawa.

"Kai, fasto, rufe mana baki. Ruwa ba ta gaba yake zuwa ba, ta baya yake zagayowa. Dubi kwarin nan. Duk wanda ya bi hanyarka ya mutu."

Haka kuwa aka yi, kati na gaba ya cinye babbar hanya. Da matattu suka tare malamar makaranta da yara a bayan coci, Renke ya ajiye katin shebur ɗinsa ya fasa mata katanga, Weert ya matso da jirgi daidai wurin. Ba su dubi juna ba. Amma tare suka yi, kuma Talea ta gani.

Ta shiga jirgi. Hilka ta shiga, Eilert ya shiga. Saura Renke, taku kaɗan. Ruwa ya kai ƙofar coci.

Talea ta jawo kati.

"Fitila tana ci a kan hasumiya. Akwai saura mutum ɗaya. Ku buɗe baƙar jaka."

Hilka ta kwance 'yar jakar ta zazzage a tafin hannunta. Ɗan gunki ne kamar sauran, tsawon ɗan yatsa, riƙe da fitila.

Sai dai hularsa a karkace take. Kunnensa na hagu ya fi na dama fitowa. Ga karyayyen hancin nan da ya samu a filin ƙwallo. Ga murmushin nan na gefen baki. A ƙasan ƙafarsa an rubuta: Ubbo, mai kunna fitila.



Weert ya miƙa hannu ya taɓa 'yar hular. "Wane ne ya yi wannan?"

"Shi ne," in ji Renke. "Ya aika musu da hotonsa suka sassaƙa. Ya sa na rantse ba zan faɗa ba. Ya ce yana so ya ga fuskokinku ranar da za a buɗe jakar."

Hilka ta kai ɗan gunkin bakinta, ta daɗe a haka. Sannan da hannunta ta tsayar da shi a kan hasumiya, can ƙarshen tsiri, ruwa ta ko'ina.

* * *

Talea ta ce za ta ƙaro ruwan zafi. Tana shiga kicin ta jingina da bango ta fashe da kuka. Renke ya biyo ta da butar shayi.

"Na haɗa kayana," ta ce. "In ka fita yau, tare za mu fita. Na gaji, Renke. Na gaji da zama tsakanin ku biyu kamar ƙashi a bakin karnuka."

"Ba za ki bi ni ba."

"Me ka ce?"

"Na fita masa da ɗa ɗaya na dawo babu. Ba zan sake shigowa in ɗauke ɗayar ba. Ki dube shi, Talea. Mutumin nan ke kaɗai kika rage masa."

"To ni fa? Ni ba mutum ba ce? Sai in zauna in tsufa ina kallon jirginka ta taga? Ko in auri Eilert ya riƙa matsar da ni a kan allo?"

"In bai sauko da kansa ba, na haƙura."

"Ka haƙura!" Ta kama gaban rigarsa da hannu biyu. "Sauƙin faɗa gare ka. Ka san tun yaushe nake son ka? Tun kana zuwa gidan nan da majina kana cinye mana kek!"

Ya so ya yi dariya, hawaye suka riga ta. Ya cire hannuwanta a hankali.

Daga falo Weert ya ɗaga murya, "Ku zo mana! Yaro na can yana jira."

* * *

Eilert ya riga ya gama lissafi. "Doka ta ce matuƙi na iya tashi duk lokacin da ya so. In Renke ya shigo yanzu muka tashi, mun ci. In muka tsaya, da wuya ruwa bai rufe coci ba. Mu tafi kawai. Ai ɗan roba ne."

Hilka ta juyo ta dube shi. Eilert ya sunkuyar da kai, kunnuwansa suka yi ja.

"Ni zan je," in ji Renke. Ya juya mai haƙa kabari ya ba jirgi baya.

Ya ratsa maƙabarta. Matattu suka tare shi, ya zubar da duk katunan hannunsa ya wuce. Ruwa ya shiga coci, ya cinye kujeru. Ya jefa dayis, ya yi sa'a, ya kai gindin hasumiya. Gumakan biyu suka tsaya kafaɗa da kafaɗa.

"Yauwa!" Weert ya bugi tebur. "Riƙe shi! Riƙe shi da kyau, yaro, kawo shi!"

Talea ta jawo kati. Ta karanta a zuci tukuna, sannan ta ɗauki gilashi ta ɗora a kan tsirin, tsakaninsu da jirgi. Hanya ta yanke. Sai dai su zagaya ta kan duwatsu, kuma da nisa.

Saura rufin coci kawai a waje.

"Baba Weert," in ji Renke a hankali, "ka tashi jirgin."

"Ba na tashi."

"Ba za mu iso ba. Ka duba da kanka."

"Na ce ba na tashi!"

"Talea na ciki," in ji Renke. "Mama Hilka na ciki. Ga yaran makaranta. Ka tashi, don Allah."

Weert ya ɗora babban hannunsa a kan ɗan jirgin ya danne shi kamar wani zai ƙwace. Gumi ya feso masa a goshi. "Zagaye ɗaya. A ƙara mini zagaye ɗaya."

Aka ƙara. Renke da Ubbo suka hau duwatsu. Kati ya yi musu sassauci, ya ci wani gida can gefe.

"Kun gani? Ɗaya kuma."

Suka matso. Saura ƙiris, har Hilka ta miƙe tsaye tana cewa zo, zo, ɗana. Talea ta sa hannu a kan katin sama. Ta ji sanyinsa tun kafin ta juya.

"Ruwa ya rufe gicciyen coci," ta karanta. "Igiya ta tsinke, jirgi ya kife. Matuƙi zai kwantar da duk wanda ke cikinsa da hannunsa, ya kaɗa wa kowa ƙararrawa sau ɗaya."

Eilert ya buɗe baki zai ce ai ya faɗa. Ya dubi fuskar tsohon, ya rufe.

Weert ya ɗauki ƙararrawar. Ya kwantar da fasto, ya kaɗa. Ya kwantar da yaran makaranta. Ya ɗauki ungozoma, ya dubi matarsa, ya kwantar, ya kaɗa. Ƙarar ta cika ɗakin, ta ƙi mutuwa.

Saura malamar makaranta.

Ya ɗauke ta. Ya riƙe ta a tafin hannu. Allon gaba ɗaya ya zama shuɗi, ƙauyen na kwance a ƙasa yana kallonsu, harshen kyandir na lilo a kansa. Talea ba ta taɓa ganin abu mai kyau da ban tsoro haka ba, kuma ba ta taɓa ganin hannun mahaifinta ya kasa yin abu ba sai yau.

Ya ajiye ƙararrawar bai kaɗa ba.

Da ya yi magana, ba allon yake kallo ba. Karo na farko cikin shekara biyu ya dubi Renke ido cikin ido.

"Su wa ke cikin jirgin ran nan?"

"Focko da Garrelt."

"Garrelt mai 'yan biyu?"

"Shi. Lokacin matarsa na da cikinsu."

"Kai ma ka ce zagaye ɗaya?"

"Na yi ta cewa, Baba Weert. Na yi ta cewa har ruwa ya kai wa Focko ƙugu a ɗakin inji. Ina jin muryar Ubbo cikin iska yana kirana. Wallahi ina ji. Har yau ban sani ba ko shi ne."

Weert ya cire tabarau. Kafaɗunsa suka fara girgiza. Ba kuka mai sauti ba ne, irin na mutumin da bai saba ba, yana fita kamar tari. Hilka ta zagayo ta rungume kansa a ƙirjinta.

Eilert ya tashi a hankali, ya ce shanu na jiran tatsa. Ba wanda ya raka shi.

Can Weert ya share fuska da bayan hannu, ya ja hanci.

"Ka san wurin da ruwa ya ɗauke shi?"

"Ko idona a rufe."

"Ban taɓa hawa jirgi ba, tun da aka haife ni. Amai zan yi maka a ko'ina."

"Akwai bokiti."

"To gobe in ruwa ya cika, ka kai ni. Ina so in gani da idona."

Talea ta durƙusa a gefen kujerarsa. "Baba... mu fa?"

Ya buɗe tafin hannunsa. 'Yar malamar makaranta na nan, ta yi ɗumi. Ya dube ta, ya dubi 'yarsa, sannan ya miƙa hannu ta kan tebur ya danƙa wa Renke.

"Riƙe," ya ce da kaushi. "Kai ka san lokacin da ake juyowa."